Tambaya: yaya ake mayar da bidiyon da aka ɗauka a kwance ya tsaya, ba tare da an yanke mutane ba?

Ɗan Kabi, Argungu

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaida malamai da yayyena da suka riga ni shiga sana'ar ɗauka da tace bidiyo. Zan ɗan tsawaita bayani domin amsa ta zo daidai da abin da ke damuna.

Ayyuka iri biyu ne a hannuna, kuma duka an ɗauke su a kwance, a ma'aunin 1920 da 1080. Na farko karatun tafsiri ne na wani masallaci a nan Argungu: malam yana zaune a dama, alaramma mai jan baki yana hagu, teburi ɗaya a gabansu, kyamara kuma tana kafe wuri guda daga farko har ƙarshe. Na biyu hotunan bikin kamun kifi ne da na ɗauka a bakin Matan Fada, inda masunta suka cika kogin da goruna da homa. Kwamitin masallaci yana son cikakken karatun ya hau YouTube, a kuma fitar da gajerun yanka domin TikTok da Facebook da sitatus na WhatsApp. Haka nake son yi da hotunan bikin.

Idan na ja hoton ya cika allon tsaye, mutane sukan koma dogaye sirara. Idan na bar shi yadda yake, sai ya tsuke a tsakiya, baƙi a sama, baƙi a ƙasa. Idan kuma na yanke gefe da gefe, dole ɗaya daga cikin malaman biyu ya fita. Na gwada sashen CapCut, manhajar tace bidiyo, da ke bin mutum da kansa, amma hoton sai kai-komo yake yi tsakaninsu, duk wanda ya ɗaga hannu shi zai bi. Bayan haka, abin da na ɗora yakan fito dishi-dishi alhali na asalin garau yake. Wace hanya ce ta fi, kuma wane ma'auni ya dace da kowane dandali? Na gode.

Tsohon Edita, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam warahmatullah. Ƙanena, bari mu fara da lissafi, domin da shi za ka gane dalilin duk abin da ka gani.

Bidiyon kwance ma'auninsa 16:9 ne, na tsaye kuma 9:16, wato 1080 a faɗi da 1920 a tsawo, kuma shi ne TikTok da Reels na Instagram da Facebook da Shorts na YouTube da sitatus suke so. Tsawon hotonka na asali fiksel 1080 ne, fiksel kuwa su ne ƙananan ƙwayoyin da ke haɗuwa su zama hoto. Idan za ka yanko 9:16 daga cikinsa, faɗin da zai rage maka bai wuce fiksel 608 ba daga cikin 1920, wanda bai ma cika kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran kashi biyun sun tafi, kuma babu manhajar da za ta dawo da su cikin allon. Sannan wannan ɗan yankin shi za a buɗa ya cika 1080 da 1920, ninki kusan ɗaya da kashi uku cikin huɗu, kuma daga nan dishi-dishin yake farawa tun kafin dandalin ya ƙara matse shi. Ma'aunin 4:5, wanda ya dace da shafin Facebook da Instagram, yana bar maka fiksel 864 na faɗin, murabba'i kuma yana bar maka 1080. Saboda haka tambayar da ke gabanka a kowace ɗauka ita ce: a cikin wannan faffaɗan hoto, wane kaso ɗaya cikin uku ne ya fi cancanta a gani? Kamar mai leƙen fili ta ƙofar zaure ne; abin da ƙofar ta nuna masa kaɗai yake gani, kai ne kuma mai zaɓar inda ƙofar za ta fuskanta. Batun jan hoto har mutane su miƙe kuwa, ka bar shi gaba ɗaya, musamman ga fuskar malamai.

Game da tafsirin, ba sai ka zaɓi mutum ɗaya ba. Ka buɗe aiki a ma'aunin 9:16, ka sa bidiyon sau biyu, ɗaya a kan ɗaya, ka raba allon gida biyu: sama 1080 da 960, ƙasa ma haka. A gidan sama ka yanko rabin hoton da malam yake ciki, a na ƙasa ka yanko rabin da alaramma yake ciki. Kowane rabi na hotonka faɗinsa 960 ne, don haka buɗawar da za a yi ta cika 1080 kashi ɗaya ce kawai cikin takwas, ido ba zai ma lura ba. Ka kashe sautin kwafi ɗaya domin kada muryar ta ninku. Da wannan mai kallo zai ga mai jan aya da mai fassara a lokaci guda, kamar yadda na cikin masallaci yake ganinsu, kuma hoton zai fi na yankan 9:16 tsabta. Wanda za a sa a sama, wannan ka bar wa kwamiti su faɗa maka; akwai masu son a ɗora mai karanta Alƙur'ani a bisa, kuma ba edita ne zai yanke wannan hukunci shi kaɗai ba.

Manhajojin da ke bin mutum da kansu ba sababbi ba ne. Adobe ya sa Auto Reframe a cikin Premiere Pro tun 2019, Final Cut Pro yana da Smart Conform, DaVinci Resolve kuma yana da Smart Reframe a nau'insa na kuɗi. Dukkansu fuska da motsi suke bi. Suna da amfani idan mutum ɗaya ne yake tafiya a fili, amma ba su san girma ba. A hawan Sallah na ga irin wannan manhaja ta bar Sarki a ƙarƙashin laima ta bi wani dogari da ke kaɗa hannu, saboda shi ya fi motsi. A tafsirinka kyamara ba ta motsi, malamai ba sa tashi, babu dalilin barin manhaja ta yi maka zaɓi.

Bikin Matan Fada ya fi wuya, domin a can faɗin shi ne labarin. Lokacin da aka ba da alama dubban masunta suka kwarara cikin ruwa a guje, abin da ke ɗaga hankalin mai kallo shi ne yawansu daga wannan gefe zuwa wancan. Ka yanko kaso ɗaya cikin uku, sai ya zama mutum ashirin ne suke gudu. Shawarata ita ce ka bar wannan ɗaukar ga YouTube yadda take. A na tsaye, ka ba ta daƙiƙa biyar ko shida kawai, ka dasa alamar farawa a bakin gaɓa da alamar tsayawa a tsakiyar kogi, ka bar hoton ya tafi a hankali daga wannan zuwa waccan. A CapCut alamar ita ce ɗan lu'ulu'un nan da ke kusa da maɓallin kunnawa. Sauran lokacin ka cika shi da abubuwan da tun asali a tsaye suke: masunci kwance a kan gora ruwa yana zuba daga homarsa, makaɗi a tsaye cikin kwalekwale, giwan ruwa da mutum biyu suka ɗaga kai a sama wutsiya tana jan ƙasa. Irin waɗannan sun fi kyau a tsaye fiye da a kwance. Kada ka bar manhaja ta bi motsi a cikin ruwa, domin kowane fantsali motsi ne a wurinta, hoton zai yi ta rawa.

Nan gaba, idan kyamararka tana iyawa, ka ɗauka a 4K, wato 3840 da 2160. Yankan 9:16 daga ciki yana ba da 1215 da 2160, wanda ya zarce abin da ake buƙata, don haka ragewa za a yi, ba buɗawa ba. Ka kuma ɗan ja da baya, ka bar sarari a saman kai.

Hajiyar Sutudiyo, Jega

Wa alaikumus salam. Malam Tsohon Edita ya yi bayani mai gamsarwa, kuma batun raba allo gida biyu na ɗauka, zai yi mini amfani wajen ango da amarya idan sun zauna da tazara a tsakaninsu. Sai dai, Allah ya ƙara wa Malam lafiya, a kan 4K ina da ja.

Yawancinmu a nan da waya muke ɗauka, da ita muke tacewa, da ita kuma muke ɗorawa. Ƙwayoyin hoton 4K sun ninka na 1080 sau huɗu, don haka wuri ya fi ci, wayar ta fi zafi, caji ya fi gudu. Karatun tafsiri yakan kai awa guda ko fiye, kullum har tsawon watan azumi, ga zafin garinmu. Waya mai matsakaicin ƙarfi za ta iya tsayawa ana tsakiyar karatu, kuma wanda ya samu ya ɗauka zai sha wahala kafin manhajar tacewa ta ja fayil ɗin. Mai kwamfuta da babbar kyamara ya yi 4K, babu laifi. Ga mai waya, abin da ya fi sauƙi shi ne waya biyu: ɗaya a kwance tana ɗaukar komai domin YouTube, ɗaya a tsaye a kan sandarta, an saita ta a kan mai magana domin gajerun yanka. Aron waya ta biyu daga ɗan kwamiti ya fi sayen sabuwa araha. Kafin a fara sai a tafa hannu sau ɗaya a gaban dukkansu, domin a samu wurin haɗa sautin daga baya.

Ƙanena, akwai kuma wata hanya da Malam bai ambata ba, na san masu tacewa da yawa suna raina ta, amma ni ina ganin tana da wurinta. Ka bar bidiyon a kwance a tsakiyar allon tsaye, ka cike sama da ƙasa da kwafinsa da aka buɗa aka dusashe, maimakon baƙin nan. CapCut da InShot duka suna yin wannan da taɓawa ɗaya. Gaskiya ne hoton yana ƙanƙancewa, tunda tsawonsa fiksel 608 ne kacal a cikin 1920, don haka ba ta dace da fuskar mai magana ba. Amma ga ɗaukar da ba a son a rasa kowa a cikinta, kamar kwararar masunta ko hoton dangi a wurin biki, ta fi yanka mutunci. A sana'armu idan ka yanke gwaggon amarya daga hoto saboda ta tsaya a gefe, ba za a tambaye ka ma'aunin TikTok ba. Ana kuma iya tsayawa tsaka-tsaki, a ɗan buɗa hoton ya koma murabba'i a tsakiyar allon, a rasa wani kaso a gefe, a samu girma.

Batun dishi-dishi kuwa, ba yanka kaɗai ke kawo shi ba. Kowane dandali yana sake matse abin da aka ba shi, WhatsApp kuma ya fi kowa matsawa. Idan mai kyamara ya turo maka bidiyo ta WhatsApp yadda aka saba, ka tace shi, ka sake tura wa sakataren kwamiti ta nan, shi kuma ya ɗora a Facebook, an matse shi sau uku ke nan. Ku riƙa tura wa juna a matsayin fayil ta wurin da ake tura takardu, wanda yake ɗaukar har gigabait 2 kuma ba ya taɓa ingancin, ko ku haɗu ku tura ta Xender. Tun 2023 akwai maɓallin HD a WhatsApp, yana taimakawa, amma shi ma yana matsewa.

Ka kuma yi lissafin data kafin ka fitar da aiki. YouTube yana ba da shawarar megabit 8 a daƙiƙa ga bidiyon 1080, wanda yake daidai da megabait 60 a minti guda, ko kusan gigabait uku da rabi a awa. Ga karatun da kyamara ba ta motsi, rabin wannan ya wadatar, ba za ka ga bambanci ba. Ga ruwan Matan Fada kuwa kada ka rage, domin ruwa mai motsi da taron jama'a su ne farkon abin da ke farfashewa idan an matse.

Ɗan Kabi, Argungu

Malam da Hajiya, Allah ya saka da alheri. Na raba allon kamar yadda Malam ya ce, kuma hoton ya fito fes, kwamiti ma sun zaɓi a sa alaramma a sama. Sai dai da na ɗora gwaji a TikTok, sunan shafi da bayanin da ke ƙasa sun hau kan gemun malam, alamomin da ke gefen dama kuma sun rufe littafin da ke hannunsa. Ga shi ina son in ƙara rubutun ayar da fassararta. A ina zan sa su? Kuma shin fayil ɗaya zai wadatar da duk dandalin, ko kowanne sai nasa?

Malamin Kwamfuta, Yauri

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, abin da ka gani haka yake ga kowa, domin allon 1080 da 1920 ba duka ne naka ba. TikTok da Reels da Shorts kowanne yana ɗora kayansa a kan bidiyon: sunan mai shafi da bayani da sunan sauti a ƙasa, jerin maɓallan so da sharhi da turawa a dama, wasu rubuce-rubuce kuma a can sama. A sitatus ma akwai sunan mai shi a sama da wurin ba da amsa a ƙasa. Ƙa'idar da nake koya wa ɗalibaina ita ce a ɗauki kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasan allo, da abin da ya kai faɗin yatsa a dama, da ɗan sarari a sama, a matsayin wurin da ba naka ba. Hoto yana iya kaiwa can, amma fuska da rubutu da tambari kada su shiga.

Gyaran naka mai sauƙi ne. A gidan ƙasa ka tura hoton malam sama har rawaninsa ya kusa taɓa layin da ya raba allon, yadda teburi da shimfiɗa ne za su faɗa ƙarƙashin rubutun TikTok, ka kuma ɗan karkata shi zuwa hagu domin littafin ya kuɓuta daga maɓallan. A gidan sama ka yi akasin haka, ka sauko da fuskar alaramma kusa da layin. Fuskokin biyu za su taru kusa da tsakiya, kuma wannan yana da wata fa'ida: shafukan da ke jera bidiyoyi a ƙananan akwatuna tsakiyar hoton suke yankowa, don haka duk inda aka nuna shi za a ga malaman biyu.

Rubutu kuwa, layin tsakiyar nan shi ne wurinsa. Ka buɗe ɗan tsiri mai duhu a tsakanin gidajen biyu, ka sa ayar a layin farko da fassarar Hausa a ƙarƙashinta, da manyan haruffa, layi biyu ko uku a lokaci guda. Babu dandalin da ke rufe tsakiyar allo, kuma ba zai yi kyau maɓallin sharhi ya hau kan aya ba. Ka duba rubutun Larabcin da kyau bayan fitarwa, domin wasu manhajoji sukan rarraba haruffan ko su juya jerinsu. Idan haka ta faru, ka rubuta a wani wuri ka shigo da shi a matsayin hoto. Haka ma ƙ da ɗ da ɓ, ba kowane salon rubutu ne yake da su ba, wani sai ya bar akwati a gurbinsu. Kuma ka ajiye kwafin da babu rubutu a kansa, domin rubutun da aka tsara wa bidiyon kwance yakan yanke biyu idan an mayar da shi tsaye.

Game da yawan fayil, uku sun isa. Na farko 1920 da 1080 domin cikakken karatu a YouTube. Na biyu 1080 da 1920, shi zai tafi TikTok da Reels da Shorts da sitatus gaba ɗaya, muddin ka kiyaye wuraren da na ambata. Na uku 1080 da 1350, wato 4:5, idan kuna son abin da zai zauna daidai a shafin Facebook. Idan lokaci ya ƙure, a bar shi, na biyun zai yi aikin. Duka ka fitar da su a MP4 mai tsarin H.264, wanda kowace waya take buɗewa, kuma da adadin hotuna a daƙiƙa irin wanda aka ɗauka da shi, 25 ko 30, kada ka sauya. Kowanne daga aikin asali za ka fitar da shi. Kada ka sauko da abin da ka ɗora a TikTok ka kai Instagram, domin ban da matsewa ta biyu yana zuwa da tambarin TikTok, kuma tun 2021 Instagram ya sanar cewa yana rage yaɗa bidiyon da ke ɗauke da tambarin wata manhaja.

Saura tsawon lokaci, wanda shi ma yanka ne. Shorts yana karɓar har minti uku tun Oktoban 2024, sitatus kuma a da daƙiƙa 30 ne kafin a ƙara shi zuwa minti ɗaya a 2024. Idan ka ba WhatsApp abin da ya wuce iyakarsa, agogo zai bi ya datse, ko da a tsakiyar aya ne ko tsakanin hukunci da sharaɗinsa, kuma ka san yadda guntun maganar malami take yawo a gari idan ta fita babu kai babu gindi. Kai za ka zaɓi inda za a fara da inda za a tsaya: alaramma ya ja ayar ta cika, malam ya kai ƙarshen bayaninta. Idan bayanin ya wuce iyakar da sitatus yake karɓa, ka raba shi da hannunka a inda malam ya numfasa, ka rubuta "kashi na 1" da "kashi na 2" a tsirin tsakiya tare da sunan surar da lambar ayar, sannan ka nuna wa ɗaya daga cikin ɗaliban malam ya saurara kafin a ɗora.